Idon Tsoho da Fuskar Na'ura: Wane Abin Karatu Ya Dace da Dattawan Daura?

 

A ƙasar Daura, daga cikin birni har Sandamu, Mai'adua, Zango da Baure, akwai wata tsaraba da ta zama yayi a hannun 'ya'yan da aiki ya kai su Abuja, Kano ko Legas. Idan sun zo gida hawan sallah ko Sallar Gani, sai su fito da babbar waya ko kwamfutar hannun nan mai kama da allo wadda matasa ke kira tab, su ce, "Baba, ga wannan, ka riƙa tilawa da ita tun da idon ya fara ba da matsala." Baba ya yi godiya, ya sa albarka. Kafin wata ya zagayo na'urar ta koma hannun jikoki suna buga wasa, shi kuwa tsohon ya koma bakin zaure inda rana ke haskawa, ya miƙa hannu iya tsawonsa yana neman wasula.

Niyyar ɗan mai kyau ce, kuɗin ma ba kaɗan ya kashe ba. Abin da ya ɓata lamarin shi ne an fara da kanti. Ba a tambayi abin da ke damun idon ba, ba a duba irin littafin da tsohon ke karantawa ba, ba a kuma yi tunanin yadda na'urar za ta rayu a gidan da wuta ke zuwa tana tafiya ba.

Ido ne farko. "Idona ya yi rauni" magana ɗaya ce a bakin tsofaffi, amma cututtuka daban-daban ne ke ɓoye a cikinta. Mafi yawa shi ne raunin gani na kusa da ke zuwa da shekaru. A cikin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi da ke lanƙwasawa idan mutum zai dubi abu na kusa. Daga wajen shekara 40 yakan fara tauri, sai rubutu ya riƙa dusashewa, mutum ya riƙa nesanta takarda da fuskarsa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan gani a 2019 ya ce mutum miliyan 826 ne a duniya ke fama da wannan ba tare da sun sami tabarau ba. Maganinsa kuwa tabarau ne na karatu, mai ƙarfin da yakan kama daga +1.00 zuwa +3.00, wanda kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin waya ba. Dattawa da yawa da aka saya wa tab, tabarau kawai suke bukata.

Sai yanar ido. Wannan madubin na cikin ido ne ke yin hazo, komai ya zama kamar ana kallonsa cikin ƙurar hunturu, haske mai ƙarfi kuma ya riƙa kashe ido. Tsakanin 2005 da 2007 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, tare da ƙungiyar Sightsavers da masana daga Landan, ta gudanar da bincike a faɗin Nijeriya, aka gwada idon mutum sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. An gano kashi 4.2 cikin ɗari na masu waɗannan shekarun makafi ne, wato kimanin mutum miliyan 1.13, kuma Arewa ta fi Kudu yawan abin. Yana ce ta haddasa kashi 43 cikin ɗari na makantar, hawan jinin ido ya biyo baya da kusan kashi 17. Kashi 84 cikin ɗari na makantar gaba ɗaya, in ji binciken, abin da za a iya kaucewa ne ko a warkar.

Binciken ya tono wani abu da ya shafi yankin nan kai tsaye. A cikin idanun da aka taɓa yi wa aikin yana, sama da kashi 40 cikin ɗari masu aikin gargajiya ne suka yi, waɗanda ke soka wani tsinke su ture yanar zuwa can cikin ido. Yawancin idanun da aka yi wa haka sun ƙare da makanta. A asibiti kuwa ana cire madubin da ya lalace a sa na roba, aikin da ba ya ɗaukar sa'a guda. Kuma ba sabon abu ba ne a wannan yanki: asibitin ido na ECWA da ke Kano yana aiki tun 1943, ga asibitin ido na Makka shi ma a Kano, ga cibiyar ido a Katsina, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Mutumin Daura da ya bi ta Kazaure da safe zai iya ganin likita a Kano kafin azahar.

Hawan jinin ido shi ne mugu, domin ba ya ciwo, kuma ta gefe yake fara cin gani. Abin da ya cinye ba ya dawowa, sai dai a tsare sauran da magani ko aiki. A nan ne sayen na'ura kafin gwaji ke iya zama illa: an ƙara wa tsoho girman rubutu, ya ji daɗi ya ce ya samu sauƙi, cutar kuwa tana ci gaba da aikinta a ɓoye. Haka yake ga masu ciwon suga, wanda ke lalata jijiyoyin bayan ido.

To, an je asibiti, an sa tabarau ko an cire yana, amma har yanzu ƙananan haruffa na gagara. Yanzu ne maganar na'ura ta taso.

Duk wanda ya bincika intanet zai ga ana yabon Kindle, na'urar da kamfanin Amazon ya fito da ita a Nuwamba 2007, da takwarorinta irin su Kobo. Yabon yana da tushe. Fuskarsu ba irin ta waya ba ce. Wasu ƙananan ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare ke hawa sama ko su nutse su zama rubutu, fasahar da ta samo asali daga jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1990. Saboda haka tana kama da takarda, ana karanta ta a tsakar rana ba ƙyalli, kuma ba ta cin batir sai lokacin juya shafi, shi ya sa caji ɗaya ke kai makonni. Nauyinta bai wuce giram 200 da 'yan kai ba. Ga tsohon malamin makaranta ko ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, mai karanta littattafan Turanci, da wuya a samu abin da ya fi ta.

Amma dattawan Daura nawa ne wannan siffar ta dace da su?

Ko a Turai ma maganar ba ta tsaya a inda masu talla suka ajiye ta ba. A 2013 masu bincike a Jami'ar Mainz ta Jamus, ƙarƙashin Franziska Kretzschmar, sun sa matasa da tsofaffi karatu a takarda, da na'ura irin Kindle, da tab, suna auna motsin idonsu da aikin ƙwaƙwalwarsu. Kusan kowa ya ce takarda ya fi so. Awo kuwa ya nuna tsofaffin sun fi sauri, kuma sun fi samun sauƙi, a kan tab. Dalilin da masu binciken suka bayar shi ne hasken da ke fitowa daga bayan fuskar tab yana sa baƙi ya fita sosai a kan fari, idon tsoho kuma wannan bambancin yake nema. Fuskar Kindle fari-fari ce mai ɗan toka, baƙinta ma bai cika baƙi ba.

Babbar matsalar dai ita ce abin da za a karanta. Littafin farko na yawancin tsofaffin ƙasar Daura Alƙur'ani ne, kuma wanda ya tashi a makarantar allo da ruwayar Warshu ya tashi, a rubutun da ya saba gani a bugun Kano ko na Barno. A wannan rubutun ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. Yawancin manhajojin Alƙur'ani da ke waya da ruwayar Hafsu suke buɗewa, a tsarin bugun Madina mai shafi 604 da layi 15 a kowane shafi, inda fa ke da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Wato harafin da tsoho ya shekara 60 yana karantawa ƙaf, a sabon shafin fa ne. Ga bambancin ja da sauƙaƙa hamza, ga ƙidayar ayoyi da ba ta zo ɗaya ba. Shi da izu 60 yake lissafi, da sumuni da rubu'i da nusufi, manhajar kuma tana yi masa maganar juzu'i 30 da lambar shafi. Mahaddaci zai gane inda yake, amma ransa ba zai kwanta ba. Sai ya ajiye na'urar, 'ya'ya su ce Baba ba ya son zamani.

Akwai manhajojin Warshu, kuma cibiyar Sarki Fahad ta Madina, wadda aka buɗe a 1984, tana buga mus'hafin Warshu. Sai dai sai an nema da gangan, an kuma nuna wa mai karatun ya tabbatar hannun rubutun ya yi masa. Rubutun Warshu na Maroko da na Kano 'yan gida ɗaya ne, amma ba tagwaye ba ne.

Ga kuma launi. Alƙur'anin da alarammomi ke rubutawa da hannu, wanda ake adanawa warwar a gafaka, baƙaƙensa da baƙar tawada suke, wasula da ja, hamza da ɗorawa, wasu alamomin da kore. Launukan nan jagora ne ga mai karatu. Kindle ta asali baƙi da fari kawai take nunawa, duk sauran su koma toka-toka. A 2024 Amazon da Kobo sun fito da masu launi, amma launin a dushe yake, fuskar ma ta fi ta asalin duhu, abin da mai raunin ido ba ya so.

Sauran littattafan zaure, irin su Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Ishiriniya, Dala'ilu da Ashafa da ake karantawa da azumi, yawanci a matsayin hoton shafi suke yawo a waya, wato PDF. Nan akwai abin da ya kamata duk mai sayen na'ura ya fahimta. Littafin lantarki iri biyu ne. Akwai wanda rubutunsa ke gudana, irin EPUB: idan aka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa su cika faɗin fuskar, mai karatu ya ci gaba abinsa. Akwai kuma hoton shafi, wanda ba ya sake jeruwa. Idan aka buɗa shi da yatsu ya girma, rabin layin ya fita waje, sai an riƙa jan shafin dama da hagu a kowane layi. A kan Kindle mai inci 6 ko 7, wadda ke jinkirin sauya hoto, wannan azaba ce. A kan tab mai inci 10, musamman idan aka kwantar da ita a kaikaice, layin yakan fito cikakke kuma da girma. Kindle ta fara karɓar littattafan Larabci a 2018, amma kantinta ba shi ne inda ake samun bugun Kasuwar Kurmi ba.

Masu karatun boko su ma suna da tasu. Dattawan da suka koyi karatu a ajin yaƙi da jahilci na shekarun 1950, ko suka tashi da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da littattafan kamfanin NNPC na Zariya, Hausa suke so su karanta. A wasu na'urorin, haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ, ɗ da ɓ, sukan fito a matsayin akwati fanko, ko su fito da wani zane daban da na sauran haruffan. Gwajin ba wuya: a tura wa na'urar jimla mai ɗauke da su a gani kafin a biya kuɗi. Ƙungiyar SIL ta yi salon haruffa kyauta da ke ɗauke da su duka, irin su Andika da Charis, kuma Kindle da Kobo suna barin a ɗora musu salo daga waje. Ƙungiyar ta kuma yi wani mai suna Alkalami, wanda aka zana bisa rubutun Kano, domin masu buga ajami a kwamfuta.

A gefe guda, da yawa daga cikin littattafan Hausa da ke yawo a WhatsApp ba da izinin marubutansu suke yawo ba, kuma wannan cin haƙƙi ne. Doka ta buɗe wata ƙofa ta halal. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Marrakesh a 2017, sannan sabuwar dokar haƙƙin mallaka da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin Daura, ya sa wa hannu a 2023 ta ba da damar a mayar da littafi zuwa sigar da makafi da masu raunin gani za su iya amfani da ita. Ɗakunan karatu na manyan makarantun Daura, da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, suna da ɗalibai da kwamfutocin da za su iya wannan aiki.

Akwai lokacin da ƙara girman rubutu ba ya ƙara komai. Wanda hawan jinin ido ya rage masa ɗan tsukin gani a tsakiya, manyan haruffa ƙara masa wahala suke, don harafi biyu ko uku kawai zai riƙa gani a lokaci guda. Irin wannan, da wanda ganin ya tafi gaba ɗaya, kunne ne hanyarsa. Bahaushe kuwa tsohon ma'abocin sauraro ne. Sashen Hausa na BBC yana magana tun 1957, tafsirin azumi a rediyon Kaduna ya raini al'umma guda. Na'urar karatun da ta yaɗu sosai a tsakanin tsofaffin karkara ita ce 'yar rediyon nan mai cin memori. Ana kai memorin wurin masu turi a kasuwa su cika shi da ƙira'a, tafsiri, wa'azi da littattafan Hausa da aka karanta da murya. Maɓallanta na gaske ne, yatsa na jin su, ba ta bukatar data, kuma in ta faɗi ta fashe ba a yi babbar asara ba. Masu ilmin zamani sukan raina ta, alhali ta fi na'urori masu tsada da yawa biyan bukata.

Akwai kuma alƙalamin nan mai magana da alhazai ke sayowa daga Saudiyya, wanda ake ɗora bakinsa a kan aya ya karanto ta. Yana da amfani ga mai gyaran karatu, amma sai da mus'hafinsa na musamman yake aiki, yawanci na Hafsu, kuma sai mutum yana ganin inda zai ɗora shi.

Wayoyin zamani suna iya karanta rubutu da murya: TalkBack a Android, VoiceOver a iPhone. Manhajoji irin su Lookout na Google da Seeing AI na Microsoft suna karanta takardar da aka nuna wa kyamara, abin da ke taimakawa wajen takardar magani ko wasiƙar fansho. Da Turanci suna ƙoƙari. Idan muryar da aka gina don Turanci ta kama Hausa kuwa, abin da ke fitowa ko mai shi ba zai gane ba. Saƙon murya na WhatsApp, wanda tsofaffi suka riga suka rungume shi da kansu ba wanda ya koya musu, ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Sai maganar gida. A watan Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Ko ba irin wannan ba, kowa ya san tab da ake karatu da ita kullum tana son caji kusan kullum, don haka kuɗin ɗan faifan sola ko batirin ajiya yana cikin kuɗin na'urar, a lissafa shi tun farko. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, yana kashe batir har ya kumbura shi, saboda haka ba a barin na'ura a rana ko cikin mota. Ƙurar hunturu tana toshe ramin caji. Tab mai inci 10 tana kusan rabin kilo, hannun da ke rawa ko yake da sanyin ƙashi ba zai riƙe ta tsawon izu guda ba. Ɗan katakon nan mai naɗewa da ake ɗora Alƙur'ani a kai yana ɗaukarta daidai. Sannan a tambayi kai: idan fuskar ta fashe, wa zai gyara? Tecno, Infinix, itel da Samsung suna da masu gyara da kayan gyara a Daura, Katsina da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Kindle in ta lalace sai dai a jira mai zuwa daga waje.

Sau da yawa ma ba sai an sayi komai ba, wayar da ke aljihun tsohon ta isa idan aka zauna aka daidaita ta. A cikin saitin yawancin wayoyin Android akwai wurin ƙara girman rubutu da girman duk abin da ke fuskar, akwai mai kaurara haruffa, akwai madubin ƙara girma. WhatsApp yana da nasa wurin ƙara girman rubutu. Mai yanar da ba a kai ga cirewa ba, wanda farin haske ke kashe masa ido, yakan fi jin daɗin farin rubutu a kan baƙar fuska. Wani kuma akasin haka yake so, don haka gwadawa ake yi. A kwashe tarkacen manhajoji daga fuskar farko a bar uku ko huɗu. A zaɓi manhajar Alƙur'ani da ke aiki ba data kuma ba talla, domin babu abin da ke korar dattijo kamar hoton banza ya faɗo masa a tsakiyar sura. A tsawaita lokacin da fuskar ke ɗauka kafin ta mutu, kada ya tsaya yin tunani a kan aya ya ɗago ya tarar da duhu.

Iyaye mata sun fi shiga wannan matsala, kuma su aka fi mantawa. Binciken 2005 zuwa 2007 ya nuna makanta ta fi yawa a cikinsu. Hajiya da ke zuwa Islamiyyar matan aure da yamma wataƙila da Hafsu take karatu, saɓanin maigidanta, ga littafin azkar da take bi safe da yamma. Na'urar da aka saya wa Baba ba lallai ta yi mata ba, kuma da wuya ta buɗe baki ta ce a saya mata tata.

Hanyar da ta fi tsare kuɗi ita ce aro kafin saye. A karɓi tab ko babbar wayar wani ɗan'uwa na kwana biyu ko uku, a ɗora mata ainihin littafin da tsohon ke karantawa, ya sa tabaransa, ya zauna inda ya saba zama, a lokacin da ya saba karatu, da asuba ko bayan la'asar. A bar shi ya kunna da kansa, ya nemo inda ya tsaya jiya, ya juya shafi ba tare da an karɓe masa ba. Kunya ba za ta bar shi ya kushe kyautar ɗansa ba, zai ce "ta yi, Allah ya yi albarka" ko da bai ga komai ba. Don haka a sa jika ko autar gida, wadda ba ya jin nauyinta, ta zauna kusa ta lura ko yana kai ƙarshen shafi, ita ce kuma za ta ci gaba da yi masa caji da nemo masa sura idan ta ɓace.